Naɗin Jan Ƙarfen da Na Cire

Ban taɓa mantawa da ranar Larabar nan ba, saura kwana biyar a fara duban watan azumi, ranar da na ji muryata tana fitowa daga cikin wata ƙaramar rediyo alhali babu waya ko ɗaya tsakanina da ita. Abokan sana'a sun sha cewa in rubuta labarin domin masu tasowa, ni kuma ina ta ja da baya saboda tsoron kada in rubuta abin da ba daidai ba. Iyakar karatuna aji shida ne na firamare. Idan masu ilimin abin sun ga kuskure, su gyara min, ba zan ji haushi ba.

Sunana Sale, shagona yana unguwar Sintali, ina gyaran rediyo da kayan sauti. Ga wanda ba ɗan sana'a ba, amfilifaya ita ce akwatin da ke tsakanin makirfo da lasifika. Muryar mutum tana shiga cikinta ƙarama, ta fito da ƙarfin da zai motsa lasifika. Masu ɗaukar nauyin wannan aiki a cikinta su ne manyan taransisto, waɗanda ake ɗaurewa a jikin farantin alminiyon domin ya riƙa shanye zafinsu. Idan farantin ya yi zafin da hannu ba zai iya daɗewa a kai ba, to akwai magana.

Amfilifayar masallacin unguwarmu maigidana ne ya haɗa ta da hannunsa, marigayi Malam Buba, wanda ya koya min sana'a. Gyara ya koya min, bai kai ga koya min haɗawa ba Allah ya karɓi abinsa. A lokacin ni ina garin Sunkani na buɗe ɗan shago, don haka akwatin ya yi shekara uku yana yawo a hannun masu gyara daban-daban. Da na dawo gari, sai Alhaji Bappa, shugaban kwamitin masallaci, ya miƙo min makullin durowar da amfilifayar take ciki, ya ce in duba ta tun kafin azumi, domin tafsirin Modibbo Hammadu.

Modibbo ya haura shekara ashirin yana tafsiri a masallacin nan bayan la'asar. Muryarsa ba mai ƙarfi ba ce tun asali, yanzu kuma ga shekaru. In ba da lasifika ba, sahu na uku ma ba ya jin sa, balle mata da ke zama a rumfar baya. Duk shekara yakan fara ɗan karatun share fage tun mako biyu kafin azumi.

Da na buɗe akwatin a shago, raina ya ɓaci. Ku kun san halin wasu daga cikinmu. Fiyus ya ƙone, maimakon a sa sabo sai a naɗe shi da zaren waya a mayar. Haka na tarar. Na tarar da wayoyi an murɗa su da hannu an lulluɓe da leda. Ni kuwa mutum ne da in na kulle shago sai na dawo sau biyu na taɓa kwaɗon. Na rantse a raina sai na fitar da duk wani aikin ha'inci daga cikin aikin maigidana.

Can kusa da inda wayar lasifika take fita, sai na ga wani rezisto mai kauri, irin ɗan abin nan mai rage ƙarfin wuta, an naɗe shi da wayar jan ƙarfe, zagaye a kan zagaye, an liƙe bakinta biyu a ƙafafunsa. Na ce to ga wani kuma. Na ɗora mitar awon wuta a kai, allura ta nuna babu komai, hanya ce kawai a buɗe kamar kowace waya. Ban tsaya a sau ɗaya ba, sau uku na auna. Na ce lallai rezisto ne ya mutu wani malalaci ya yi masa irin ta fiyus. Tunda dai waya ce, sai na cire shi na sa waya mai kauri, miƙaƙƙiya, na liƙe ta da dalma tsaf har tana ƙyalli. Abin da na cire kuwa na jefa shi cikin gwangwanin madara, domin ba na yar da komai da na ciro daga kayan mutane.

Na gwada ta a kan teburi da lasifikar shago da 'yar waya gaba ɗaya. Awa biyu tana aiki, sauti garau, faranti da ɗan ɗumi kawai. Na mayar da ita masallaci ina jin daɗin kaina.

Ranar farko da Modibbo ya zauna karatu, muryarsa ta fito daga lasifika a shaƙe, tana karcewa kamar ana yaga tsohon zane. Bayan kamar rabin awa sauti ya ɗauke gaba ɗaya. Na taɓa faranti na janye hannu da sauri. Taransisto biyu sun tafi.

Na canza su. A shago lafiya lau. Na mayar masallaci, abin ya dawo. Na zargi taransiston, na ce ko jabu ne, na sake sayo wasu a wani shagon. Na zargi janareta, na auna wutarsa. Na canza makirfo, na canza wayarsa, na duba kafasito ɗaya bayan ɗaya, na sake bin duk wani liƙi da na yi. Kukan nan da kowa ya sani, wanda lasifika take yi in makirfo ya fuskance ta, shi ma na bi ta kansa, na juya bakin lasifikokin. Amma wannan ba kuka ba ne. In ba a magana, tsit kake ji. Zafin ne kawai yake hawa, ba tare da dalilin da ido ko kunne zai kama ba. Abinci ya daina shiga min. Matata ta ce ko a sallah in na yi sallama sai ta ga bakina yana motsi, ina lissafa sunayen kayan cikin akwati.

Ranar Talata bayan karatu Alhaji Bappa ya tsayar da ni a bakin ƙofa. Shi yakan kira ni Injiniya, ni kuma sunan yana ba ni kunya.

Ya ce, “Injiniya, tsakaninka da Allah, na'urar nan lafiya take?”

Na ce, “Alhaji, a shago dai lafiya take.”

Ya ce, “To ai shi ke nan. Ladan in ya kira sallah har bakin titi ana ji. Muryar Modibbo ce ta gaji. Jibi Alhamis za mu zauna, mu roƙe shi ya huta, a samo wani ya karɓi tafsirin bana.”

Abin da na faɗa masa gaskiya ne, amma na san yadda ya ɗauke shi, na kuma yi shiru. Ni ina zama kusa da durowa, taku uku daga inda Modibbo yake. Ina jin muryarsa daga bakinsa kafin ta shiga makirfo. Siririya ce, amma babu karcewa a cikinta ko kaɗan.

Ina naɗe waya sai ga Modibbo da kansa ya dafa kafaɗata. Ya ce, “Sale, ka bar wahalar da kanka. Ni ma ina jin abin da ke fitowa. Tsufa ne, ba a gyara shi da ƙarfe.” Ya yi murmushi ya ɗauki littafinsa ya fita. Na ƙarasa naɗe wayar na kulle durowa.

Da safiyar Laraba na tafi unguwar Mayo Gwoi wajen Mama Talatu. Ta yi aiki shekaru masu yawa a sashen injuna na wani gidan rediyo kafin ta yi ritaya, kuma na sha jin maigidana yana ambatonta da girmamawa. Ban taɓa kai mata aiki ba, kunya nake ji. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta, na zayyana mata komai, har da yawan lokutan da na auna kowane abu.

Ta ce, “Ɗana, ka cika ni da magana. Abu ɗaya zan tambaye ka. Mene ne yake masallaci wanda ba ya shagonka?”

Na ce, “Janareta.”

“Ka ce ka auna shi. Sai me?”

Na yi tunani na ce, “Mutane.”

Ta yi dariya har gyaɗa ta zube daga cinyarta. Ta ce, “Mutane ba su ƙona taransisto, sai dai su ƙona mai gyara. Wayar lasifika fa? Ta shago gaba nawa ce?”

Na ce ɗaya. Ta ce ta masallaci fa? Na ce daga durowa ta hau hasumiya, wata kuma ta zagaya har rumfar mata, zai yi taku sittin ko fiye.

Ta karkaɗe zaninta ta miƙe. Ta ce, “Ciwon yana masallaci, kai kuma kana ta duba mara lafiya a inda ba ya ciwo. Mu je mu kawo masa ciwon har shago.” Ta shiga ɗaki ta fito da jaka, muka tari keke mai ƙafa uku zuwa shago.

Maƙwabcina mai sayar da kayan wuta ya ara min naɗin waya guda cikakke. Mama Talatu ta sa na haɗa amfilifayar ta cikin kwan fitila, yadda muke yi in muna tsoron kada abu ya ƙone. Ga wanda bai sani ba, wuta tana bi ta cikin kwan kafin ta shiga na'ura. In na'urar tana cin wuta kaɗan, kwan ba ya haske. In tana zuƙa da yawa, sai ya kama.

Da gajeriyar waya, kwan ya yi walƙiya sau ɗaya ya dushe. Ta ce in kashe, in warware doguwar wayar a ƙasan shago, in sa lasifika a ƙarshenta, in mayar da maɓallin ƙara sauti can ƙasa. Na kunna.

Kwan ya kama, ja, yana ƙara haske a hankali.

Babu wanda yake magana. Lasifika ba ta ce uffan ba. Ina jin kukan kajin maƙwabta da ƙarar babura a titi, amma akwatin da ke gabana yana ta zuƙar wuta kamar ana wa'azi da shi a filin idi. Mama Talatu ta lashi ɗan yatsanta ta taɓa wani ƙaramin rezisto a gefe, na ji ya yi tsss.

Ta ce, “Tana ihu. Kunnenka ne bai kai wurin ba.”

Sai ta ciro wata ƙaramar rediyo daga jaka, a naɗe cikin ɗankwali, murfin batirinta an ɗaure da roba. Ta sa ta a matsakaicin zango, ta riƙa murɗa maɓalli a hankali tana matsowa kusa da wayar da ke shimfiɗe a ƙasa. Rediyon tana ta shuu, shuu. Can sai ta yi wani fito siriri, ta yi tsit kamar an kama tasha amma mai magana bai zo ba. In ta ja baya shuu ya dawo, in ta matso ya ɗauke.

Ta ce, “Ɗan ƙara sauti kaɗan. Ɗauki makirfo ka yi magana.” Ta cire bakin waya ɗaya daga jikin lasifikar domin kada ta rufe mana kunne.

Na ɗauka. Na ce, “Assalamu alaikum.”

Sallamar ta fito daga tafin hannunta. A shaƙe, tana karcewa, amma muryata ce, ni Sale, a cikin rediyo. Na duba ƙasa, na duba bayan rediyon, babu abin da ya haɗa su sai iska. Na saki makirfo na ce, “La'ilaha illallahu!” Rediyon ma ta faɗa tare da ni kafin makirfon ya kai teburi.

Mama Talatu ta ce, “Barka, ɗana. Ka buɗe gidan rediyo ba lasisi. Ni na yi shekaru ina lallashin injuna su yi wannan, kai ka samu a banza. Kashe kafin ta cinye maka wasu taransiston.”

Ta zauna a kan benci ta yi min bayani. Ba zan ce na kama duka ba, amma ga abin da ya zauna min. Amfilifaya tana sauraron abin da take fitarwa domin ta gyara kanta. Doguwar waya kuma tana riƙe wuta kaɗan ta sake ta a makare. To gyaran sai ya riƙa zuwa ba a kan lokaci ba, kamar mai tura lilo da yake son tsayar da shi amma kullum hannunsa yana sauka lokacin da zai ƙara masa gudu. Haka za ta yi ta kai da komo ita kaɗai, da saurin da ya wuce jin ɗan Adam nesa ba kusa ba, har ya kai saurin da tashoshi suke aiki da shi. Duk ƙarfinta a can yake ƙarewa. Ladan yana ɗaga murya ya gama cikin minti uku, kafin ƙarfe ya yi zafi, kuma ƙarfin kiran yana danne karcewar. Mai magana a hankali na tsawon lokaci, shi ne abin yake tattakewa.

Na ce, “Mama, to ai da can tana aiki da wannan wayar.”

Ta ce, “Shi ne nake so in gani.” Ta sa tabarau ta leƙa cikin akwatin, tana bin hanya da bakin sukundireba. Ta tsaya a kan wayata mai ƙyalli. “Wannan liƙin sabo ne. Kyakkyawa kuwa. Me yake nan da?”

Na ce ba komai, wani mataccen rezisto ne da aka naɗe da waya irin ta fiyus. Na ɗauko gwangwanin madara na zazzage a kan teburi.

Ta ɗauki abin ta juya shi a hannu, ta ƙirga zagayen da farce. Goma sha huɗu. Sannan ta ce, “Hannun Buba ne. Dubi yadda ya kwantar da su, babu wanda ya hau wani. Ni na nuna masa wannan a kan teburin gidana, ya ɓata waya ta kai gaba biyar kafin ya iya.”

Na ce, “Amma mita ta nuna min waya ce kawai.”

Ta ce, “Mita ba ta yi ƙarya ba. Da tafiyar tsohuwa take tambayar hanya. Murya ma a hankali take tafiya, tana bin zagayen nan ta wuce ba ta san da shi ba. Amma wancan mahaukacin gudun, in ya zo nan sai ya tarar da kwana-kwanar hanya har goma sha huɗu a jere. Ba ya iya shan su. Naɗin yana raba amfilifaya da doguwar waya a daidai inda suke faɗa. Kai kuma ka zo ka shimfiɗa musu kwalta.”

Ta ƙi karɓar ƙarfen liƙi. Ta ce wanda ya cire shi zai mayar. Na kankare ƙafafunsa, na cire wayata, na zaunar da naɗin maigidana a inda yake. Muka mayar da lasifika a ƙarshen doguwar waya, na kunna. Kwan ya yi walƙiya ya dushe, ya zauna a dushe. Ta kawo rediyo har ta ɗora ta a kan wayar, ta murɗa daga farkon zango zuwa ƙarshe. Shuu kawai. Na yi sallama a makirfo, ta fito daga lasifika garau, rediyon ba ta amsa ba.

Na zauna a ƙasa ina kallon abin. Bai kai tsawon ɗan yatsana ba. Babu lamba a jikinsa, babu sunan kamfani. Waya ce da wani ya naɗa da hannu, ya san da wani abu da ba a gani ba a ji, ya tare masa hanya tun kafin ya zo, ya rufe akwati ya tafi kabarinsa bai gaya wa kowa ba.

A hanyar masallaci zuciyata ta riƙa ce min in mayar da amfilifayar kawai in yi shiru, kowa zai ce Injiniya ya gyara. Amma na san in ban faɗa ba, za a ce yau dai muryar Modibbo ta ɗan washe, gobe kuma a zauna a kan maganarsa. Na sami Alhaji Bappa yana alwala, na jira ya gama, na gaya masa komai, har da amsar da na ba shi jiya.

Ya dube ni ya ce, “Wato kai ne ka tsufar mana da malami cikin mako ɗaya?”

Na ce, “Ni ne, Alhaji. In kun karɓi makullinku ban ga laifinku ba.”

Ya ce, “Riƙe shi tukuna. Mu ji da kunnenmu.”

Bayan la'asar Modibbo ya zauna, ya buɗe littafi, ya yi bisimilla. Kalmar ta fita daga hasumiya ta dawo mana ta taga, siririya, tsaf, har ana jin inda yake jan numfashi. Ya tsaya. Ya dubi makirfo, ya dubi jama'a. Sannan ya sake yin bisimillar a hankali, kamar mai taka ƙasa bayan doguwar jinya, ya ci gaba. Daga rumfar baya na ji wata tsohuwa ta ce, “Alhamdu lillahi,” da ƙarfi. Ni dai hannuna yana kan faranti. Ya yi awa ɗaya da kwata yana karatu, na taɓa shi ya fi sau talatin, ɗumi kawai.

Da aka tashi na je na durƙusa gabansa na nemi gafara. Na ce na bar shi ya zargi muryarsa alhali hannuna ne. Ya ce in buɗe akwatin ya ga abin. Na buɗe na nuna masa, na gaya masa wanda ya naɗa shi da wadda ta koya masa. Ya sunkuya ya daɗe yana kallo.

Ya ce, “Wannan ɗan abin? Ni har na fara yi wa littafin nan sallama.” Sai ya ɗaga hannu ya yi wa Malam Buba addu'a, ya sa da wadda ta koya masa, muka shafa. Zaman Alhamis ba a yi shi ba. Alhaji Bappa bai sake tayar da maganar makulli ba, sai dai har yau in ya gan ni da ƙarfen liƙi yakan ce, “Injiniya, a bar mana malaminmu yadda yake.”

Ga abin da nake so masu tasowa su riƙe. In na'ura tana zafi alhali shiru take, kada ku yarda da shirun. Ku gwada ta da irin wayar da za ta yi aiki da ita, ba da wadda ta fi muku sauƙi a teburi ba. Kwan fitila da ƙaramar rediyo suna ganin abin da mita ba ta gani. In kun tarar da abin da ba ku gane ba a cikin aikin wani, ku tambaya kafin ku kira shi ha'inci, domin a sana'ar nan aikin malalaci da aikin gwani sukan yi kama a ido. Ni tsabtata ce ta kusa sauke malami daga kujerarsa, ba ƙazantar kowa ba. Kuma in na'ura ta sa ana zargin mutum, mai gyara ne kaɗai ya san gaskiya, shi ya kamata ya fara buɗe baki.

Miƙaƙƙiyar wayar nan mai ƙyalli tana nan cikin gwangwanin madara. Ita ce liƙi mafi kyau da na taɓa yi.